Shatar mota daga Jakarta zuwa tsaunukan Puncak: tambayoyin da 'yan kasuwarmu na Kebbi suka fi yi

Duk wanda ya taɓa zuwa sarin kaya a kasuwar Tanah Abang da ke Jakarta ya san akwai ranar da ba ta da aiki. An gama ciniki, dilolin kaya suna hannun masu kago, wato kamfanonin jigilar kaya, jirgi kuma sai jibi ko gata. Wasu barci suke sha a otal, wasu su ce a fita a ga ƙasa. Tambayoyin da ke biye su ne alhazai da hajiyoyinmu na Birnin Kebbi, Jega, Argungu da Yauri suke ta maimaitawa idan za su ɗauki shatar mota ta wuni ɗaya zuwa kan tsaunuka.

Ina ne Puncak ɗin, kuma me ake zuwa gani?

Jakarta tana bakin teku ne a tsibirin Jawa na Indonesiya, shi ya sa zafinta ke zuwa da gumi. Idan aka nufi kudu ƙasa sai ta fara tashi. Za a wuce Bogor a wajen kilomita 60, a sauka daga babban titi a Ciawi, daga mahaɗar Gadog kuma a shiga hawa ta Megamendung da Cisarua har ƙololuwar mashigin, wato Puncak ɗin, wadda ke kusan mita 1,500 sama da teku, kimanin kilomita 90 daga Jakarta. Bayan nan hanya ta gangara Cipanas da Cianjur. Manyan duwatsun da ke tsaye a gefe su ne Gede mai mita 2,958 da Pangrango mai mita 3,019, kuma Gede mai aman wuta ne.

Abin gani shi ne gonakin shayi da suka lulluɓe tuddai, gidan namun daji na Taman Safari, lambunan itatuwa biyu na zamanin Turawa, ruwaye masu zubowa daga duwatsu, da iska mai sanyi. Ita kanta hanyar tsohuwa ce. Wani ɓangare ce na titin da gwamnan 'yan Holand, Daendels, ya sa aka fara fasawa a 1808 da aikin tilas, wanda ya ratsa tsibirin daga yamma zuwa gabas kusan kilomita 1,000, kuma talakawa da yawa sun mutu a aikin.

Me zai sa in ɗauki shata, alhali akwai motocin 'yan yawon buɗe ido da suka fi araha?

Saboda salla, abinci da iyali. Motar haɗaka tana da jadawalinta, ba za ta jira ka ka yi alwala a natse ba, kuma inda kamfani ya shirya nan za a ci abinci. A shata kai ne mai cewa a tsaya ko a wuce. Idan ku biyar ne ko shida kuka raba kuɗin, bambancin ma ba ya da yawa.

Sai dai a san iyakar wannan 'yanci. Direba naka ne na wunin, hanya kuwa ta 'yan sanda ce, kuma hanyar Puncak guda ɗaya ce mai hannu biyu. Duk shirin da bai yi la'akari da wannan ba a takarda zai tsaya. Amsar da ke biye ita ce mafi muhimmanci a shafin nan.

Wace rana ta fi dacewa?

Litinin zuwa Alhamis, in dai ba ranar hutu ba ce. Asabar da Lahadi mutanen Jakarta kan ɗunguma zuwa Puncak, cunkoson ya kai ga 'yan sanda su mayar da hanyar hannu ɗaya. Bisa al'ada da safe masu hawa ake ba hanya, bayan azahar kuma a juya ta ga masu saukowa har yamma ko dare. Ba a riƙe sa'a guda, yawan motoci suke dubawa su buɗe ko su rufe. Wanda ya iso Gadog bayan an juya hanya, sai ya kashe mota ya zauna, wani lokaci awa uku ko fiye. Za ka ga direbobi sun fito sun shimfiɗa kwali a inuwar mota, masu tallan ruwa da soyayyar awara suna ratsa layi, babu mai ko huci domin sun saba.

Akwai kuma dokar lambar mota. Daga yammacin Juma'a zuwa daren Lahadi, da ranakun hutu, motar da lambarta ta ƙare da 1, 3, 5, 7 ko 9 tana hawa ne a ranar da kwanan wata ya ƙare da irin waɗannan, mai ƙarewa da 0, 2, 4, 6 ko 8 ita ma haka. Cikin Jakarta ma akwai irin wannan doka a kan wasu manyan tituna safe da yamma a ranakun aiki. Kamfanin haya ya san duk wannan, amma ka tambaya da bakinka: motar da za ku turo, lambarta ta dace da ranar?

Makon ƙaramar Salla, wadda suke kira Lebaran, da jajibirin sabuwar shekarar miladiyya, kada ma a fara. A daren sabuwar shekara rufe hanyar ake yi wa motoci.

Ƙarfe nawa za mu tashi, kuma wuri nawa za mu iya gani?

Da an idar da asuba. Can alfijir yana ketowa tsakanin ƙarfe huɗu da biyar saura kwata, saboda haka biyar da rabi kuna cikin mota. Titin Jagorawi, wanda aka buɗe a 1978 kuma shi ne titin biyan kuɗi na farko a ƙasar, yana kai ku Ciawi cikin awa ɗaya ko ɗan fiye idan hanya ta yi kyau. Hawan ne ke cin lokaci.

Wuri uku ya isa: babba ɗaya, ƙanana biyu. Masu tallan shata sukan jero wurare bakwai ko takwas a takarda don ta yi kyau, amma wanda ya biye musu a mota zai wuni, hoto kawai zai riƙa sauka ya ɗauka. Ni shawarata a fara da sama. A wuce kai tsaye gonar shayi da ƙololuwa tun gari yana garau, a yi azahar da abinci, sannan a gangaro ana tsayawa. Dalilin haka yana cikin amsar sanyi da ruwan sama.

Wace mota zan nema, kuma yaya ake ciniki da direba?

Mutum huɗu zuwa biyar, Toyota Avanza ta wadatar, amma Innova ta fi faɗi da ƙarfin hawa, kuma dattawa sun fi jin daɗinta. Idan kun haura bakwai ku nemi Hiace. Kada ka ce za ka tuƙa da kanka. Hannun hagu suke bi, sitiyari yana dama, babura kuma ta ko'ina suke ɓullowa.

Yawancin kamfanoni awa 12 suke ƙirgawa a matsayin wuni, abin da ya ɗora a kai ana biyan kowace awa daban. Farashi iri biyu ne. Akwai na mota da direba kawai, inda fetur, kuɗin titi, fakin da abincin direba suke wuyanka. Akwai kuma na dunƙule wanda ya haɗa su duka. Baƙo ya ɗauki na dunƙule, ko da ya ɗan fi tsada, domin kuɗin titi ba a karɓarsa a hannu tun 2017, da kati ake biya, kuma ba ka son tsayawa lissafin fetur da mutumin da ba ku jin yaren juna. Tikitin shiga wurare ba ya cikin dunƙulen, sai in an faɗa ƙarara.

Kafin ka ba da kafin alƙalami, a rubuta komai a saƙon WhatsApp: sa'ar ɗauka da ta ajiyewa, sunayen wuraren, kuɗin ƙarin awa, ko awannin da aka yi a cunkoso suna cikin lissafi, da ko direban yana jin Turanci. Wannan na ƙarshe a gwada shi, a kira direban a waya a yi magana da shi, domin "yana ji" a bakin mai kamfani takan zama gaisuwa kawai. Ku nemi farashi a wuri uku. Wanda ya fi sauƙin samu shi ne direban da wakilinka na kago ko otal ɗinka suka sani, saboda akwai wanda za ka kama idan magana ta canja. Ana kiran namiji Pak, mace Bu, kuma direba yana jin daɗin a kira shi haka.

Za mu iya canja tsari a tsakiyar hanya?

Ƙwarai, don haka aka ɗauki shata. Sauke wuri ko daɗewa a wani ba ya buƙatar ƙarin kuɗi muddin ana cikin awannin. Ƙara nisa, kamar a ce a zarce Cianjur alhali Cisarua aka yi magana, wannan sabon ciniki ne, a gama shi kafin mota ta motsa.

Idan direba ya matsa a tsaya wani shagon tsaraba ko gidan abinci, sau da yawa yana da ɗan kasonsa a wurin. Ba abin faɗa ba ne, ka ce a wuce cikin fara'a. Haka a Gadog za ka ga samari a kan babura suna cewa za su nuna hanyar ratse a kauce wa cunkoso. Hanyoyin ƙauye ne masu tsananin hawa da ƙunci, kuɗin kuma yakan ƙaru idan an kai tsakiya. Bar wa direbanka wannan hukunci.

Gonar shayin ta cancanci tsayawa, ko daga mota ma an gani?

A sauka. Gunung Mas gona ce tun zamanin mulkin mallaka, yanzu tana hannun kamfanin gwamnati, kuma an buɗe wani sashenta ga baƙi da tikiti. Itacen shayi bai wuce ƙugu ba saboda kullum aske kansa ake yi, an dasa shi layi-layi yana bin lanƙwasar tudu. Da safe za ka tarar da mata masu tsinka, sun sa malafa mai faɗi da takalman roba, kwando a baya, sabon tohon da ke sama kawai suke ɗauka su bar tsohon ganye. Ka murza ɗanyen ganyen a hannu ka shinshina, ƙamshin ciyawa za ka ji. Ƙamshin da muka sani a kofi sai an shanya shi ya yi laushi, an murje, ya yi duhu, an gasa.

Akwai dawakin haya ga yara, ƙanana ne, ɗan Argungu da ya saba da dokin hawan Salla zai yi murmushi. A yi cinikin zagayen kafin yaro ya hau. Sama kaɗan akwai tudun da ake tashi da lema a iska tare da ƙwararre, ga mai ƙarfin zuciya, da ƙaramin tafkin Telaga Warna inda birai ke fizge duk abin da ke cikin leda.

Muna tare da yara. Taman Safari fa?

To shi ne babban wurinku, ku ware masa awa huɗu, ku rage sauran. An buɗe shi a 1986 a Cisarua. A cikin motarku za ku ratsa, dabbobi suna yawo a sake. Jakin dawa da barewa har cikin taga suke zuro kai. Da an zo sashen zakuna da damisa akwai ƙofa da gargaɗi, a rufe gilashi ruf, babu buɗewa don hoto. Tikitin baƙo ɗan ƙasar waje ya fi na ɗan ƙasa tsada, na ƙarshen mako kuma ya fi na ranar aiki. Ka sanar da kamfanin haya tun farko cewa motar za ta shiga ciki.

An ce a tsaya lambun Bogor. Me ke ciki ban da itatuwa?

Ga ɗan Najeriya akwai abin tsayawa a yi tunani. An kafa Kebun Raya Bogor a 1817, faɗinsa hekta 87 a tsakiyar gari, jikin fadar shugaban ƙasa inda barewa masu ɗigo-ɗigo ke kiwo a fili. A 1848 aka dasa 'ya'yan kwakwar manja guda huɗu a lambun, itacen da asalinsa na Afirka ta Yamma ne. Daga zuriyarsu aka fara gonakin manja na yankin, yau kuma Indonesiya ce ta ɗaya a duniya wajen samar da manja, mu da muke da itacen tun kaka da kakanni muna shigo da shi. Akwai alamar tunawa da wannan a cikin lambun, ka ce a nuna maka.

Wurin da faɗi, tsofaffi su hau motar zagaye. Matsalarsa ɗaya: shiga garin Bogor da fita yana cin lokaci. Idan an zaɓe shi, a haɗa shi da gonar shayi kawai, a bar Taman Safari.

Mu masu son tafiyar ƙafa ne. Ina za mu?

Cibodas, bayan an tsallake ƙololuwa. Lambu ne a gindin dutsen Gede da aka kafa a 1852, kuma nan aka fara dasa itacen da ake samun kwinin, tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro, a tsibirin. Kusa da shi akwai ƙofar gandun Gede Pangrango, daga nan tafiyar kusan kilomita uku ce a kan duwatsu zuwa inda ruwan Cibeureum ke zubowa, awa ɗaya ko fiye a hawa. Silifas ba zai yi ba. Hawa ƙololuwar dutsen kuwa ba aikin wuni ɗaya daga Jakarta ba ne, sai da izini da shiri daban.

Yaya batun salla a hanya?

Wannan bai zama damuwa ba. Kowane wurin hutawa a babban titi, gidan mai da gidan abinci yana da ɗakin salla da wurin alwala, na mata daban, har da hijaban aro. Kusa da ƙololuwa akwai masallacin At-Ta'awun a tsakiyar gonakin shayi, ruwan alwalarsa sai ka cije. Azahar tana shiga wajen sha biyu na rana, magariba wajen shida, kusan duk shekara. Alƙibla tana yamma ne da ɗan karkata arewa, kada sabo ya sa ka fuskanci gabas. Mutanen ƙasar Shafi'awa ne, za ka ji liman yana bayyana bisimilla, ka bi shi babu komai.

Game da ƙasaru, a mazhabar Malikiyya nisan shi ne mil 48, wato wajen kilomita 80 a tafi kawai, kuma wanda ya yi niyyar kwana huɗu a Jakarta ya zama mazauni a can. Bogor ba ta kai wannan nisa ba, ƙololuwar Puncak da Cibodas sun kai. Ka warware wannan da malaminka tun kana gida. Ranar Juma'a a tuna direba ma zai je masallaci, kuma dokar lambar mota tana farawa da yamma, kamar yadda aka yi bayani a amsar ranar tafiya.

Me za mu ci? Hajiya ba ta yarda da abincin da ba ta sani ba.

Yankin na ƙabilar Sunda ne, Musulmi ne, abincinsu kuma ba zai ba mutumin Kebbi tsoro ba: shinkafa, gasasshen kifin ruwan daɗi da ake kira gurame, kaza, ɗanyen ganye da yaji mai suna sambal. Tsiren akuya, sate kambing, yana ko'ina, a Cipanas kuma an san sate maranggi na naman sa. Manoman shinkafarmu su nemi Pandan Wangi ta Cianjur su ɗanɗana, mai ƙamshi ce. A bakin hanya akwai gasasshiyar masara, dankali mai zaƙi, gwazar Bogor, da bandrek, abin sha mai zafi na citta da sukarin kwakwa wanda ya dace da sanyin wurin. A 2024 hukuma ta rushe rumfunan bakin titi da yawa ta mayar da masu sana'ar wurin hutawa na Gunung Mas, can za a same su a tattare.

Idan Hajiya ta ƙi duk wannan, a kai ta Warung Kaleng a Cisarua, unguwar da Larabawa masu hutu suka mayar tasu. Allunan shaguna da Larabci suke, akwai shinkafar mandi da kabsa. A gidajen abincin 'yan Sin a duba tambarin halal, kuma duk inda aka rubuta babi, alade ne.

Sanyin yana da yawa? Ruwan sama fa?

Duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da wajen digiri shida, saboda haka idan Jakarta tana 32, sama tana wajen 23 ko ƙasa, da dare kuma ya fi haka sauka. Kamar safiyar hunturu ce a Birnin Kebbi, sai dai wannan da danshi take zuwa. Rigar sanyi ɗaya ta isa, yara a ƙara musu hula.

Bogor ana mata laƙabi da birnin ruwan sama, kuma ba a banza ba. Damina tana ƙarfi daga Nuwamba zuwa Maris, amma ko a watannin rani hadari yakan haɗu da yamma. Hazo yana saukowa kan ƙololuwa bayan azahar ya rufe komai, har motar gabanka sai fitilarta kake gani. Shi ya sa aka ce a fara da sama. A tsakiyar damina ƙasa takan zaftare a gefen hanya, idan aka kwana ana ruwa ka saurari direba in ya ce a tsaya Bogor. Mai saurin jiri ya zauna gaba, ya sha magani kafin Gadog, domin lanƙwasar tana da yawa.

Zan ɗauki fasfo? Akwai abin da za mu kiyaye?

Ka ɗauki fasfo da takardar biza, ka bar kwafinsu a otal da cikin waya. Najeriya tana cikin ƙasashen da Indonesiya ke tsaurara wa biza, ba a ba mu ita a filin jirgi, jami'an shige da fice kuma sukan yi samame a wuraren da baƙi ke taruwa, har da Cisarua. Ka tabbata kwanakinka ba su ƙare ba, tarar wuce wa'adi kullum ake ƙirga ta.

Kada ka riƙe wa kowa jaka ko saƙo, ko ɗan garinku ne. Safarar ƙwaya hukuncinta kisa ne a ƙasar, kuma a 2015 an zartar da shi a kan wasu 'yan Najeriya. Sannan alhazai, a Cisarua akwai dillalan da ke tallan auren kwanaki ga baƙi. Malaman ƙasar sun haramta shi, 'yan sanda sun sha kama masu yi. Wanda ya tare ka da wannan magana ka wuce abinka.

Kuɗi fa, a hannu ko a kati?

Duka biyu. Manyan wurare suna karɓar kati, masu masara da dawaki da fakin sai tsaba. A yi canji a Jakarta, a nemi ƙananan takardu. Dala ɗaya ta haura rupiya 15,000 a 'yan shekarun nan, takarda mafi girma kuma ta 100,000 ce, saboda haka a riƙa ƙirga sifili da kyau. Idan mai kaya ya ce hamsin, dubu hamsin yake nufi. Direban da ya kyauta a ba shi na goro a ƙarshen wuni.

Ranar da muke da ita Asabar ce kawai. Mu haƙura?

Akwai mafita biyu. Ko ku tashi tun kafin asuba ku yi salla a hanya, ku wuce Gadog kafin a fara tsare motoci, ku sauko da zarar an juya hanya bayan azahar. Ko kuma ku bar Puncak ku nufi birnin Bandung a jirgin ƙasa mai gudu, Whoosh, wanda ya fara aiki a Oktoba 2023 kuma yake cin tafiyar cikin ƙasa da awa ɗaya daga tashar Halim. Ku shirya mota ta tare ku a can ta hau da ku Lembang da dutsen Tangkuban Perahu, inda mota ke kaiwa har bakin ramin aman wuta. Warin farar wuta yana da ƙarfi, mai asma ya tsaya nesa, kuma akan rufe wurin idan dutsen ya motsa, kamar yadda aka yi a 2019. In lokaci ya rage, a cikin gari akwai zauren da aka yi taron ƙasashen Asiya da Afirka a 1955, yanzu gidan tarihi ne.

Bandung ma tana cika a ƙarshen mako, amma hanyoyinta sun fi ɗaya. Ku sayi tikitin dawowa tun da safe, kuma sharuɗɗan cinikin direba da aka lissafa a sama su ne dai a can ma. Ko Puncak ko Bandung, kada a sa wannan fita a ranar da jirginku na komawa gida zai tashi.